HAƘƘIN MAƘWABCI A KAN RUWA: DAREN DA MUKA KWANA A TASHAR BUR SUDAN

'Yan'uwa Musulmi masu karatun wannan fili, akwai wani abu a cikin ƙissar Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda mu mutanen tudu muke karantawa mu wuce ba tare da mun tsaya a kansa ba. A cikin Suratu Hudu, aya ta 41, sa'ad da ya umurci waɗanda suka yi imani su shiga jirgi, bai ambaci sunan Allah a kan gudun jirgin kaɗai ba, sai da ya gama da tsayawarsa. Mu da muka saba da mota, a wurinmu haɗari yana cikin tafiya ne. In direba ya kashe inji, yaron mota ya sa weji, to, an huta ke nan, kowa sai ya nemi wurin shimfiɗa tabarma. Mutanen teku ba haka suka san abin ba. A wurinsu jirgi ba ya tsayawa irin tsayuwar da muka sani, domin abin da yake kai yana motsi, iskar da ke kaɗa shi tana juyawa, waɗanda suka kwana kusa da shi su ma haka. Daren da aka yi a tasha mai cunkoso yana iya zama mafi wuya a cikin tafiyar duka.

Na ga wannan da idona a wata ziyara da na kai gaɓar Bahar Maliya ta wajen Sudan, 'yan shekaru kafin yaƙin da ya ɓarke a ƙasar cikin 2023. Kamar gidaje da yawa na ƙasar Hausa, mu ma muna da dangi a can, jikokin waɗanda suka ɗauki hanyar Makka da ƙafa, guzuri ya ƙare, suka zauna neman na gaba har zaman ya zama gida. Wani baffana da ke Sawakin yana da hannu a cikin wani jirgin katako mai inji, irin wanda suke kira sambuk, wanda yake ɗaukar fulawa da sukari da mai da ƙanƙara zuwa ƙauyukan masunta na arewa, har Muhammad Ƙol, ya komo da kifi. Shi ne ya ce in bi su in ga yadda ake neman abinci a kan ruwa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, ƙananan jiragen wannan gaɓa ba su son tafiyar dare. Dalili kuwa duwatsun murjani ne, waɗanda suka yi jere a gefen gaɓar, suna kwance ƙasa kaɗan da fuskar ruwa. Ido ne yake gane su, ta launin ruwan: inda yake shuɗi ƙirin akwai zurfi, inda ya yi kore ya fara gajarta, inda ya yi ruwan ƙasa-ƙasa kuwa dutse ne, wanda zai iya tsage cikin jirgi. Wannan karatun launi ba ya yiwuwa sai rana tana sama. Da ta karkata sosai sai ruwan ya koma kamar madubi, ba a ganin kome a ƙarƙashinsa. Saboda haka tun kafin la'asar sakaliya kowane sarkin jirgi, wanda su ke kira Rayyis, ya riga ya san inda zai kwana.

Wannan al'ada ba ta yau ba ce. Ibn Jubairu, matafiyin nan na Andalus, ya ƙetare wannan teku zuwa aikin Hajji cikin 1183, ya tashi daga Aizab, ya kuma ba da labarin gwanintar matuƙa wajen ratsa duwatsu, da yadda suka kwana a wata matsaya mai suna Abhur kafin su shiga Jidda. Wanda ya ƙi haƙuri da wannan teku kuwa, tarihi ya nuna abin da ke samunsa. Cikin Disamba na 1991 wani babban jirgin fasinja mai suna Salem Express ya taso daga Jidda zuwa Safaga ta ƙasar Masar, da masu Umra a ciki, ya ɗauki gajeriyar hanya ta tsakanin duwatsu da tsakar dare cikin iska, ya daki dutse, ya nutse cikin 'yan mintoci. Mutum fiye da 450 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

To, mu dai lodi ya jinkirta mu a Sawakin, iskar arewa kuma, wadda ita ce ta fi kaɗawa a wannan yanki, tana dukanmu a goshi. Tsakanin Sawakin da Bur Sudan kamar kilomita 60 ne, amma sai bayan la'asar muka shiga bakin tashar, ga kuma sauran kaya da za a ɗauka da safe. Wurin nan a dā sunansa Marsa Shaihu Bargutu. Turawan Ingila suka fara gina shi cikin 1905, aka buɗe shi cikin 1909, saboda mashigar Sawakin ta yi wa manyan jirage ƙunci. Tun daga nan ya zama babbar ƙofar Sudan ta teku. Manyan jiragen kaya suna da gefensu, su da ƙananan jiragen da ke jansu suna tura su. Mu kuwa masu katako da masunta da wasu 'yan jirage masu filafilai na Turawa masu yawon buɗe ido, duka an tara mu a lungu guda kusa da gari.

A nan ne na ga ilmin da ban taɓa zaton akwai shi ba. Rayyis bai jefa anka da zuwansa ba. Sai da ya kewaya wurin sau biyu a hankali, yana duban kowane jirgi, yana duban inda igiyarsa ta nufa, yana tambayar masu shi nawa suka saki. Baffana ya yi mini bayani. Anka ƙugiya ce ta ƙarfe, amma ba nauyinta ne yake riƙe jirgi ba, kama ƙasar da take yi ne. Kamar fartanya take: in ka ja ta a kwance sai ta ƙara nitsewa cikin ƙasa, in ka ɗaga ta tsaye sai ta fito salin alin. Saboda haka dole a saki igiya mai tsawo, ninki huɗu ko biyar na zurfin ruwan, domin jan ya zo mata a kwance. In zurfin mita 10 ne, igiya za ta kai mita 50. A ƙara da tsawon jirgin kansa, a ce mita 20. Ke nan jirgi guda yana bukatar fili mai faɗin kusan mita 140, domin shi kamar akuya yake a turke, duk inda iska ta juya sai ya kewaya turkensa.

Mai karatu sai ya auna wannan a wurin da jirage ashirin ko talatin suke son kwana. Gaskiya ne dukansu suna fuskantar iska, suna kuma juyawa tare, amma ba daidai ba: mai lodi yana da nawa, marar lodi yana da sauri, mai doguwar igiya yana cin fili, mai gajera yana juyawa a kusa. Ƙa'idar da suke bi, wadda ba a rubuce take a wani allo ba, ita ce wanda ya riga zuwa shi ke da wuri, wanda ya zo daga baya shi zai auna, in kuma an matsu shi zai tashi. Wannan ita ce ƙa'idar da malamanmu suka sani game da mazaunin kasuwa da sahun masallaci. Da Rayyis ya sami inda ya gamsu, sai ya ce a saki, ya ja da baya da inji har igiyar ta miƙe, ya ɗora tafin hannunsa a kanta yana sauraro. In anka ta kama, igiyar tana yin shiru; in tana jan ƙasa, za ka ji tana karkarwa. Sa'an nan ya zaɓi alamu biyu a tudu, hasumiyar wani masallaci da wata fitila da ke bayanta, ya nuna wa yaran jirgi, ya ce muddin suna kan layi ɗaya muna nan inda muke.

Magariba ta yi, aka zo maganar alwala. Kowane ɗalibi ya san hadisin da ke cikin Muwaɗɗa, inda wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da masu hawa teku da ɗan ruwan sha kaɗan, ya ba shi amsa cewa ruwan teku yana tsarkakewa, mushensa kuma halal ne. Amma ruwan tasha wani abu ne dabam. Man inji da dattin gari suna kwarara cikinsa, a mazhabarmu kuwa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita da abin da ba nasa ba, ba a ibada da shi. Ashe yaran sun san da haka: tun muna waje, inda ruwan yake garau, suka cika jarkoki biyu domin alwalar dare da ta asuba.

Alƙibla daga Bur Sudan arewa maso gabas take. Da yake goshin jirginmu yana duban arewa, sai muka karkata dama muka tayar. Muna cikin raka'a ta biyu iska ta lafa, jirgin ya fara juyawa a hankali, sai na ga baffana, wanda yake limanci, yana gyara tsayuwarsa kaɗan kaɗan, yana bin hasken garin da gefen idonsa, mu ma muka bi shi. Wannan shi ne hukuncin da Shaihu Halilu ya kawo cikin Muhtasar: mai salla a jirgin ruwa zai juya ya bi alƙibla duk sa'ad da jirgin ya juya, matuƙar yana da iko, har a nafila, saɓanin mahayin dabba wanda aka yi wa rangwame ya yi nafila duk inda ta nufa. Lisha kuwa raka'a biyu muka yi, domin tafiyar da muka yi niyya ta wuce mil 48, ba mu kuma yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Littafin ya ma faɗa cewa matuƙin jirgi yana yin ƙasaru ko da iyalinsa suna tare da shi a ciki. Sai dai ba mu haɗa ta da magariba ba, saboda rangwamen haɗa salloli na matafiyi, a wurin malaman Malikiyya, na tafiyar tudu ne ban da ta ruwa. Na tuna muna yara a zaure, in aka zo waɗannan wurare malam yakan fassara ya wuce da sauri, mu ma ba mu tambaya, don wa zai hau teku a cikinmu? Ashe an ajiye mana su ne.

Barci a irin wannan wuri sai wanda ya saba. Manyan jirage suna aiki dare da rana, injuna suna ruri, sarƙoƙi suna ƙara, fitilu kamar rana. Duk sa'ad da mai jan jirage ya wuce sai igiyar ruwansa ta zo ta girgiza mu, tukwane su yi ta kaɗawa. Dokar teku ta duniya, wadda aka tsara cikin 1972, ta wajabta wa jirgin da ke kan anka ya kunna farar fitila wadda ake gani ta kowane gefe. Tamu an rataye ta tun magariba. Rayyis ya raba dare uku tsakanin yaransa, kowa da rabonsa na tsaro, ya ce wanda barci ya rinjaya ya ta da na gaba da shi, babu laifi a cikin wannan, laifi shi ne ya yi shiru.

Wajen ƙarfe biyu na dare iska ta sāke, ta taso daga duwatsun da ke bayan gari da ɗan ƙarfi. Jirage duka suka juya. Yaron da ke tsaro, wanda bai fi shekara goma sha bakwai ba, ya duba alamunsa ya ga muna nan daram, amma ya lura wani baƙin abu da ke gabanmu yana ƙara girma. Wani jirgin katako ne da ya shigo bayan lisha, bai sami fili ba, ya cusa kansa tsakani ya saki gajeriyar igiya, bai kunna fitila ba, mutanensa duka suka kwanta. Ankarsa ta tumɓuke, iska tana kawo shi kanmu a gicciye, bayanmu kuma ga wani ƙaramin jirgin masunta da mutum huɗu suna barci a ciki. Yaron ya yi ihu, "Baba Rayyis! Baba Rayyis!" Kafin in gane abin da ake ciki an zura tsofaffin tayoyi a gefe, mutum uku sun riƙe gora, ana ta buga ƙarfe ana kiran mutanen wancan jirgi. Sai da ya zo ya gogi gefenmu, ya ɓalle mana katako guda, kana suka farka a gigice suka ta da inji.

Na zaci za a yi zage-zage, irin na tashar mota. An dai ɗaga murya, amma Rayyis ya katse. Ya ce wa mai wancan jirgi, ta bakin baffana na ji, "Ɗan'uwa, igiya nawa ka saki?" Ya faɗa. Ya ce, "Ba ta isa ba, kai ma ka sani. In ba ka da wata, ga tamu ta ajiya." Ya ba shi aron igiya, ya nuna masa inda zai koma, ya kuma ba shi fitilar hannu ya rataya. Maganar katakon da ya ɓalle aka bar ta sai gari ya waye, mutumin kuwa ya biya ba tare da gardama ba. Na ce wa baffana, "Baffa, wannan ai haƙuri ne mai yawa." Ya ce, "Ɗana, ba haƙuri ba ne kaɗai. In ya koma da gajeriyar igiyarsa, wa zai sāke faɗo wa?"

Malamanmu sun yi magana a kan karon jirage, maganar kuma tana da zurfi. A cikin Muhtasar da sharhohinsa, in mahaya biyu suka yi karo aka rasa sanin yadda abin ya auku, ana ɗauka da gangan ne, domin linzami yana hannunsu. Jiragen ruwa kuwa akasin haka, ana ɗauka iska ce ta fi ƙarfinsu, babu lamuni a kan kowa. Amma fa in ya tabbata matuƙa suna da ikon kaucewa ba su kauce ba, lamuni ya hau kansu, ko da sun ce tsoron nutsewa ne ko tsoron faɗawa cikin duhu ya hana su, saboda mutum ba shi da ikon ya tsirar da kansa da halakar waninsa. A ganina, wanda ya saki rabin igiyar da ta kamata, ya ƙi kunna fitila, ya ƙi sa mai tsaro, ba shi da bakin da zai ce iska ce. Iska ta kaɗa jirage talatin a daren nan, nasa kaɗai ta tumɓuke. Kalmar ƙaddara tana da girma ƙwarai, bai kamata a mai da ita mayafin sakaci ba, ko a kan ruwa, ko a kanti, ko a ofis.

'Yan kasuwa da kayansu ke zuwa ta teku ya kamata su san cewa fiƙihu bai bar su a baya ba. Risala ta Ibn Abi Zaidin, wadda kusan kowane gidan malam yana da ita, ta ce mai jirgi ba ya lamunin kayan da suka halaka, amma kuma ba shi da kuɗin haya sai ya isar da su. Watau an raba asarar ke nan, ɗan kasuwa ya rasa kaya, mai jirgi ya rasa lada, don kada ɗayansu ya yi wasa da tafiyar. In kuma aka ji tsoron nutsewa, ya halatta a zubar da kaya don a rage nauyi, ban da ɗan Adam, sa'an nan a raba asarar a kan dukan kayan ciniki da ke cikin jirgin, wanda aka zubar da wanda ya tsira. Masu inshorar jiragen ruwa na wannan zamani da irin wannan ƙa'ida suke aiki.

Sau da yawa kuma abin da ke halaka jirgi a tasha tun daga tudu ake ƙulla shi. Ibn Jubairu ya yi kukan yadda masu jirage suke cusa alhazai saboda kwaɗayin kuɗi. Shekaru fiye da 800 bayansa, cikin Yuni na 2022, wani jirgi ya kife a cikin tashar Sawakin kanta, bai ko fita teku ba, da tumaki kusan 15,800 da za a kai Saudiyya, alhali kuwa abin da aka yi shi ya ɗauka bai wuce 9,000 ba. Mu ma a nan gida, dattawan ma'aikata ba su manta da 1975 ba, shekarar da aka yi odar siminti fiye da abin da tashar Ikko za ta iya saukewa, jirage fiye da 400 suka yi watanni a kan anka suna jira, ana biyansu kuɗin jinkiri daga baitulmali, simintin wasu har ya daskare a ciki. Waɗanda suka sa hannu a takardun nan ba su taɓa riƙe igiyar jirgi ba.

Da asuba ta gabato sai ladanan gari suka fara kira, sauti yana zuwa a kan ruwa tar kamar a kunnenka ake yi. Iska ta kwanta, jiragen da ke kusa da mu sun matso har ana jin tarin juna. Wani dattijo a jirgin masunta, wanda a lokacin shi ne ya fi kusa da wajen alƙibla, ya yi iƙama da ƙarfi, sai na ga mutanen jirginmu sun miƙe sun yi sahu, na jirgin da ya goge mu da dare su ma haka. Wannan ma yana cikin littafi: ya halatta mutanen jirage da ke kusa da juna su bi limami ɗaya, muddin suna jin kabbararsa ko suna ganin motsinsa, an kuma fi so ya kasance a jirgin da ke wajen alƙibla, in iska ta raba su a tsakiyar salla, kowane jirgi sai ya gabatar da wani daga cikinsa ya ƙarasa musu. Ba ta raba mu ba. Dattijon ya karanta gajerun surori, ya yi ƙunuti a ɓoye, muka sallame.

Aka sha shayi, aka ɗauko sauran kaya da ƙaramin kwalekwale, aka jira rana ta ɗaga yadda za a iya karanta launin ruwa. Da aka zo ɗaga anka sai ta ƙi tasowa. Wani yaro ya sa gilashin nutso ya leƙa, ya ce igiyar maƙwabcinmu, wadda Rayyis ya ba shi aro, ta hau kan tamu sa'ad da ya sāke wuri cikin duhu. Sai da muka jira ya gama karyawa, ya ɗaga tasa, ya naɗe igiyar ya miƙo mana, sa'an nan muka ɗaga tamu muka nufi arewa.